Gwiwar Almu

Ku da kuke zama gun mai shayi kuna kallon wasan Turai a talabijin, kowa da ƴan wasansa goma sha ɗaya a baki, na ji abin da kuka faɗa ran nan da na wuce. Wai aikin koci ba komai ba ne sai tsayuwa a bakin fili da nuna hannu. Wai wancan tsoho ma da ya taɓa riƙe ƙungiyar ƙasa, ai bai yi nisa ba aka sallame shi. Gaskiya ne, ban yi nisa ba. Amma tunda kun ɗauko maganar, gara ku ji ta daga bakin wanda ya yi aikin.

Sunana Salisu, sai dai a Tawa ƴan gidanmu kaɗai ke kira na da shi. Katanga ake ce mini, saboda a tsaron baya na buga duk rayuwata. A gabana ko dai ƙwallo ta wuce ko mutum ya wuce, amma ba duka biyu ba.

Aikina na farko a wannan sana'a ɗinki ne. Ƙwallo ɗaya ce gare mu a lekol, wato makarantar boko, ta fata, mai roba a ciki, filinmu kuwa filin Adar ne, dutse da tsidau. Sati ba ya ƙarewa sai ta fashe. Malaminmu na motsa jiki, Mushe Garba (Mushe muke ce wa kowane malamin lekol), wani siririn mutum ɗan Kalfu, ya kai ni gun wani baduku a kasuwa ya ce a koya mini. Na koyi juya fatar, in liƙe robar, in murza zare da kakin zuma, in bi tsohon ramin basilla kada in huda sabo, don in ka huda sabo fatar yagewa take yi. Ɗinkin ƙarshe shi ne mai wuya, wanda ake yi bayan an mayar da robar, hannu ba ya shiga sai da ƴar allura mai lanƙwasa. Ran Alhamis kuma mu fita da kwanduna mu tsince duwatsun fili, mu bi gidajen masu tuya mu roƙo toka mu zana layi. Iska ta kwashe, mu sake. Sai da na shekara ina wannan kafin Mushe Garba ya sa ni a wasa na gaske.

Shi ne ya koya mini kallo. Ranar kasuwa yakan zaunar da ni a inuwar dogon yaro kusa da tasha, ya nuna mini mutum da haɓa.

"Wancan mai buhu, wace ƙafa ke mai ciwo?"

"Mushe, ai lafiya lau yake tafiya."

"Dubi kafaɗatai. Dubi ƙafar da shika saurin ɗagawa daga ƙasa."

Sai in duba in gani. Ya ce mini ɗan wasa zai yi maka rantsuwa cewa lafiyarsa ƙalau, don kowa so yake ya buga, saboda haka kada ka saurari bakinsa, ka sa shi ya yi tafiya a gabanka ya juyo. Duk kwas ɗin da na yi daga baya, da na Yamai da na waje, ba inda aka koya mini abin da ya kai wannan.

Takalmina na farko na wani ne da ya bar wasa. Ya yi mini yawa, na cusa tsumma a gaba. Ƙusoshin ƙasansa sun cinye, baduku ya yanko fata ya buga wasu da ƙusar ƙarfe. In ƙasa ta yi tauri, bayan hutun rabin lokaci sai ƙusar ta fara leƙowa ta ciki, ka ji ta a tafin ƙafa, ka ci gaba da gudu. Da wannan takalmin na buga wasan da aka gan ni aka kira ni Yamai. Na hau babbar mota a kan buhunan albasa, na isa jikina duk wari, ƴan birni suka yi ta dariya. Washegari a fili na kwantar da mai dariyar da ya fi kowa baki har sau uku, daga nan aka daina. Na daɗe ina sa rigar ƙasa. Na buga a filaye masu ciyawa da ban taɓa tsammanin akwai irinsu ba, na buga a inda ƴan kallo ke jifan mu da batir. Da bayana ya fara hana ni sunkuyawa in ɗaure takalmi, na ajiye da kaina kafin a ce mini in ajiye.

Daga nan na dawo Tawa na riƙe ƙungiyar gari. Kayan aikina usur, da agogo, da ɗan littafin da nake zana tsayuwar ƴan wasa a ciki, da gwangwanayen tumatir da na cika da rairayi suka zama alamomin fili. Ku kuna ganin awa ɗaya da rabi na ranar wasa. Ba ku ganin ranar da zan bi gidaje ina roƙon iyaye su saki ɗansu daga gona, ko ranar da mai tsaron gida zai ce ba ya zuwa don an yi masa baiko. Ba ku ganin yadda ake horar da mutane a watan azumi, a bar gudu a koma kan tsayuwa da miƙa ƙwallo, don kada wani ya faɗi. Ƴan kallo kuwa, su ne masu cinikinmu, kuma ban taɓa ganin mai ciniki irinsu ba. Mai sayen takalmi in ya ga bai yi masa ba, mayarwa yake ya tafi. Ɗan kallo har ƙofar gidanka zai biyo ka ya zagi mahaifiyarka, ran Juma'a kuma ku haɗu a sahu ɗaya ya miƙo maka hannu.

A wannan lokacin na samo Almu. Na je Tebaram kallon wasan ƙauyuka, filin duk kashin awaki, ragar kuwa sanduna biyu da igiya. Akwai wani dogon saurayi ba takalmi, ƙwallo in ta zo masa sai ka ga kamar ta huce. Bai fi kowa gudu ba, amma kafin ta iso shi ya riga ya san inda zai kai ta. Aka ce mini ɗan Malam Hamidu ne, mai noma da ƴan raƙuma a bayan gari. Sau uku ina zuwa gun dattijon. Na farko ya ba ni ruwa ya sallame ni. Na biyu ya ce wasa ba sana'a ba ce. Na uku ya daɗe yana kallona, sannan ya ce:

"Malam Salisu, ni ban san wanga abu naku ba. Amma na ga ka san hanyar gidana. Ka tahi da shi. Yadda ka ɗauke shi, haka nika son ka maido min shi."

Na ce in Allah ya yarda.

Sai da na koya wa Almu sa takalmi, don da farko cewa yake yana hana shi jin ƙwallo. Na koya masa buga ta da kai, na koya masa faɗuwa ba tare da ya karye hannu ba. A gidana ya zauna, tuwo ɗaya muke ci. Bayan ƴan shekaru ya shiga ƙungiyar ƙasa, wata ƙungiya ta ƙasashen Larabawa ta ɗauke shi, har aka fara maganar Turai.

Ni ma a lokacin an kira ni Yamai mataimakin koci. Turawa uku na yi wa aiki, ɗaya bayan ɗaya. Bature ya zo da kwamfuta da majigi, ni in ɗauki jakar ƙwallaye. Ya yi magana da Faransanci, in juya wa yara da Hausa da Zabarmanci, in rage zagin da ke ciki. Ni na san wanda aka yi wa rasuwa, ni na san biyun da ba sa magana da juna, ni na san wanda in ka daka masa tsawa a gaban mutane ya lalace ke nan har sati. In aka ci wasa, hoton Bature a jarida. In aka sha kashi, a ce na gida ne ba su ba shi shawara mai kyau ba. Biyu daga cikin Turawan mutanen kirki ne, ba na ɗora musu laifi. Waɗanda suka ɗauko su ne ba su taɓa yarda ɗan ƙasa zai iya ba.

Shekarar da nake kira mummunar shekara ta fara ne kamar alheri. Bature na uku ya sha kashi sau biyu a wasannin neman shiga babbar gasar nahiya, ya haɗa kayansa ya tafi. Saura wasa uku, ba wanda ke son ya karɓi mushe. Sai wani babba daga cikin masu riƙe da harkar ƙwallo ya kira ni ofishinsa. Ba zan faɗi sunansa ba, yana nan da rai, yana sa farar shadda.

"Katanga, ka riƙe mana kafin mu ga abin da za a yi."

Kafin mu ga. Ba takarda, ba sa hannu. Na karɓa, don abin da nake jira ke nan tun ina ɗinkin ƙwallo.

Na sauya tsayuwar baya, na dawo da tsofaffi biyu da Bature ya watsar, na ce wa Almu ya daina jira a gefe ya shigo tsakiya. Muka ci wasan farko. Na biyu a waje muka yi canjaras a filin da ba mu taɓa fitowa da komai ba. Saura na ƙarshe a gida: in mun ci mun wuce, in ba mu ci ba shi ke nan. A Tawa aka ce mini har masu tallar goro sun san sunana.

Saura kwana huɗu, muna atisaye da hantsi, wani ɗan baya ya shiga wa Almu ta gefe. Ba mugunta, ƙafa ce ta zame. Almu ya tashi ya kakkaɓe jikinsa ya ce ba komai. Na ce ya yi tafiya zuwa raga ya juyo. Ya tafi ya juyo, yana murmushi. Na ga yadda yake ɗage ƙafar dama kafin ta gama sauka. Tun kafin likita ya taɓa shi na sani.

Likitan ƙungiya, Dakta Haruna, mutum ne marar yawan magana. Ya kai shi aka ɗauki hoto, ya dawo ya same ni.

"Jijiyar cikin gwiwa ta tsage, amma ba ta tsinke ba. In ya huta wata biyu zai dawo kamar da. In ya buga ran Lahadi, ban ɗauke maka alkawarin komai ba."

Bayan la'asar sai ga babban nan ya zo masaukinmu. Ya ja ni gefe, ya dafa kafaɗata, abin da bai taɓa yi ba.

"Ƙasa duka yaron nan take jira. Akwai allurar kashe zafi da ake yi, kowa na yi a ko'ina. Ka ci mana wannan wasan, aikin ya zama naka, da takarda da komai. Ba za mu sake neman kowa a waje ba."

Ku saurara da kyau a nan, don nan ne ake ɓata labarin. Bai tilasta ni ba. Bai ce zai kore ni ba. Takardar sunayen ƴan wasa a hannuna take, alƙalamin nawa ne. Na kira Almu na gaya masa abin da likita ya ce, amma na faɗa da sauri, na kuma daɗe a kan maganar ƙasa da masu neman ƴan wasa daga Turai da za su zo. Ya saurare ni yana kallon ƙasa.

"Koc, kai ka ɗauko ni daga gida. Abin da ka ce shi za a yi."

Dakta Haruna ya ce shi ba zai yi allurar ba, ya rufe jakarsa. Babban ya aiko da wani daga cikin gari ya yi.

Ran wasa filin ya cika tun azahar. Almu ya buga kamar ba shi da gwiwa. Kafin hutu ya karɓi ƙwallo a bakin da'ira, ya yaudari mutum biyu, ya ajiye ta a kusurwar raga. Na ji filin gaba ɗaya yana kiran Katanga, Katanga. A ɗakin hutu Dakta Haruna ya kwance bandejin ya nuna mini. Gwiwar ta kumbura ta yi kamar ƙwarya.

"Ka fitar da shi yanzu. Ya ba ka abin da kake so."

Na dubi agogo. Na san abokan karawarmu tsoronsa ne ya hana su fitowa, in na cire shi za su taso mana gaba ɗaya. Na ce minti goma kawai, mu ga yadda za su dawo.

Bai kai goman ba. Ba wanda ya taɓa shi. Ya taka ƙwallo zai juya, ƙafar ta tsaya a ƙasa jikin ya juya. Ina bakin layi, kuma duk da hayaniyar mutane na ji ƙarar, kamar an karya ɗanyen kara. Bai yi ihu ba, ya dai kama ciyawa da hannu biyu. Aka fitar da shi a makara. Yaran suka rikice, saura kaɗan a tashi aka rama mana. Canjaras bai ishe mu ba. Na fita ana jifa na da ledojin ruwa, bakunan da suka gama kiran sunana su ne ke zagin ubana.

Bayan kwana biyu ina cikin tasi zan je asibiti duba shi, sai na ji muryar babban nan a rediyo. Ya ce an gode wa kocin riƙo, an fara neman ƙwararre daga waje. Ya ce abin takaici ne a ce koci ya sa yaro mai rauni a wasa bayan likita ya hana. Mai tasi bai gane ni ba, ya ce, "Wallahi irin waɗannan ɗaure su ya kamata a yi." Na ce masa haka ne. Mutumin bai yi ƙarya ba a rediyo, ya dai bar rabin da yake nasa. Ban je na ƙaryata shi ba, don rabin da ya faɗa ya ishe ni.

An yi wa Almu aiki sau biyu. Ƙungiyarsa ta waje ta sallame shi, masu maganar Turai suka daina ɗaga waya. Waɗanda suka yi ta ɗaukar hoto da shi ba wanda ya taka asibitin. Da ya fara takawa da sanda, ya koma Tebaram. Ni kuma na dawo Tawa, ga ni nan kuna gani na, ina busa wa ƴan lekol usur a filin da na tsinci duwatsunsa. Tebaram ba nisa, amma sai da na yi shekara biyu ban bi hanyar ba.

Ranar da na hau babur na je, bayan girbi ne. Na same shi a wata rumfa bakin kasuwa yana kula da injin niƙa, gashinsa da girarsa fari fat da gari. Da ya gan ni ya kashe injin ya taso. Ƙafar ba ta lanƙwasuwa sosai, jan ta yake. Ya kama hannuna da hannu biyu, ya ce Koc, sannu da hanya. A kan hanyar gidansu ya rage murya ya ce:

"Na gaya ma Baba ni na matsa maka. Na ce ka hana ni, na yi ta kuka har ka bari. Kada ka ce mai komi."

Malam Hamidu ya tsufa ƙwarai. Ya sa aka shimfiɗa mini tabarma, aka kawo fura, ya sa aka yanka ɗan akuya. Ya tambaye ni iyali, ya tambaye ni damina a wajenmu. Da aka ajiye naman a gabana na kasa kai hannu. Almu yana zaune a gefe yana girgiza mini kai. Na ce:

"Baba, abin da Almu ya gaya maka ba haka ba ne. Likita ya hana, ni na sa shi. An ce in fitar da shi, na ƙi."

Dattijon bai ɗago ba. Ya yagi nama ya tura gabana.

"Na sani. Ni na haife shi, tun shina ƙarami bai taɓa matsa ma babba ba. Na bar shi da maganatai don ita ka ba shi sauƙi. Ci abinci, Malam Salisu."

Na ci, don ba yadda zan yi.

Da na tashi tafiya dattijon ya rako ni har gun babur, yana dogara sanda. Sai da na hau sannan ya dafa kan babur ɗin.

"Abu guda nika roƙo. In ka fita gari, kusa da rijiya, za ka iske samari suna wasa. Ƙanen Almu na cikinsu. Mutane na ta hwaɗa min wai ya fi wansa. Kada ka tsaya."

Na same su a inda ya ce. Ba sai an nuna mini shi ba. Dogo ne kamar Almu, bahago, ba takalmi. Ina matsowa aka ɗago masa ƙwallo daga nesa, ya tare ta da ƙirji, bai bari ta taɓa ƙasa ba ya aika ta tsakanin mutum uku zuwa ƙafar abokinsa. Duk shekarun da na yi a wannan aiki, a gida da waje, ban ga irin wannan ƙafar ba. Hannuna ya sassauta da kansa, babur ya rage gudu. Wani daga cikinsu ya gane ni, ya nuna ni, wasan ya tsaya, suka juyo gaba ɗaya suna kallona, shi ma ya juyo.

Na murɗa mai na wuce.